SHARHI: Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai ta buɗe ƙofar kasuwarta, amma buhun manomin Kudancin Kano bai shiga ba

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora a Ƙaramar Hukumar Kiru, ta ratsa Tudun Wada, ta keta dajin Falgore zuwa Doguwa a lokacin kaka, zai ga manyan motoci maƙare da masara, shinkafa, dawa, wake da waken suya. Yankin na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Jihar Kano, kuma a Bebeji ne aka gina Madatsar Ruwa ta Tiga, wadda ke shayar da gonakin rani na Kadawa. Duk da wannan albarka, ba kasafai ake ambaton manomin yankin ba idan ana zancen cinikayya tsakanin Najeriya da Birtaniya, alhali shi ne irin mutumin da ake cewa an tsara sabbin yarjejeniyoyin dominsa.

A ranar 23 ga Yuni, 2016, al'ummar Birtaniya suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama, inda kashi 52 cikin 100 suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai, kashi 48 suka zaɓi zama. Firaminista David Cameron ya yi murabus. Sai a ranar 31 ga Janairu, 2020 ƙasar ta fice a hukumance, sannan ta bar kasuwar bai-ɗaya ta Turai a ƙarshen Disambar shekarar. Babbar hujjar masu neman ficewa ita ce Birtaniya za ta samu 'yancin ƙulla cinikayya da duk ƙasar da ta ga dama, ba tare da jiran amincewar Brussels ba. Afirka na cikin wuraren da aka nuna da yatsa. Theresa May ta zo Abuja a Agustan 2018 ta gana da Shugaba Muhammadu Buhari, kuma a Janairun 2020 Buhari ya halarci taron zuba jari na Birtaniya da Afirka a Landan, kwanaki kaɗan kafin ficewar.

Tsohuwar alaƙa

Cinikin ƙasar Kano da Ingila ba baƙon abu ba ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma cikin 'yan shekaru gyaɗa ta zama abin da talaka ke nomawa ya biya haraji. Daga ƙauyuka ake tattaro ta a kai Kano, a jera buhuna su zama dala, a loda a jirgi zuwa Legas, daga can sai masana'antun mai da sabulu na Turai. A Riruwai da ke Doguwa kuwa, kuza aka riƙa haƙa. Tsarin bai da wuyar fahimta: ɗanyen kaya ya fita, sarrafaffe ya dawo da tsada.

A 1973 Birtaniya ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai, ta jingine fifikon da take bai wa ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, aka maye gurbinsa da Yarjejeniyar Lome ta 1975. Wannan ya zo daidai da farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975, da kuma kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin gwamnati daga noma. Dalar gyaɗa ta ɓace. Wato a lokacin da Birtaniya ta shiga Turai, Kano ta riga ta fara rasa abin sayarwa, kuma a lokacin da ta fito, bayan shekara 47, gurbin bai cike ba.

Abin da aka sa wa hannu

Ghana da Kenya sun ƙulla yarjejeniyar cinikayya ta kai-tsaye da Birtaniya bayan ficewar, domin dama suna da makamanciyarta da Tarayyar Turai. Najeriya ba ta bi sahu ba. Tun farko ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar Turai da ƙasashen ECOWAS, saboda fargabar masu masana'antu cewa kayan Turai za su mamaye kasuwa su kashe na gida.

Abin da Najeriya ta samu shi ne tsarin rangwamen haraji ga ƙasashe masu tasowa, wanda ake kira DCTS, da ya fara aiki a Yunin 2023, ya kuma shafi ƙasashe 65. An ɗaga Najeriya zuwa rukunin da ke da ƙarin rangwame, inda dubban kayayyaki za su shiga Birtaniya ba tare da harajin kwastam ba. Alherin tsarin shi ne bai tilasta wa Najeriya buɗe tata kasuwar ba. Rauninsa kuma shi ne kyauta ce daga ɓangare guda, mai bayarwa na iya sauya sharuɗɗa duk ranar da ya so.

Sai kuma yarjejeniyar bunƙasa ciniki da zuba jari da Ministar Kasuwanci ta Birtaniya a lokacin, Kemi Badenoch, da takwararta Doris Uzoka-Anite suka sa wa hannu a Fabrairun 2024. A lokacin an ƙiyasta cinikin ƙasashen biyu da kimanin fam biliyan 7 a shekara. Sai dai muhawarar da ta biyo baya ba a kan ridi ko wake aka yi ta ba. A kan lauyoyi aka yi ta, bayan Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya ta yi tir da batun barin lauyoyin Birtaniya su yi aiki a Najeriya, har ministar ta fito ta janye kalamanta. Lauyoyi suna da ƙungiya mai murya, shi ya sa aka ji su. Manoman Kiru da Bebeji ba su ma san an yi zaman ba.

Haraji ba shi ne katangar ba

Idan aka duba abin da Najeriya ke sayar wa Birtaniya, ɗanyen mai da iskar gas ne suka fi yawa. Cire haraji bai sauya wannan ba, kuma dalilan a bayyane suke.

Na farko, manyan amfanin gonar Kudancin Kano ba na fitarwa ba ne. Masara na cikin jerin kayan da dokar Najeriya ta hana fitarwa, shinkafa kuma ba ta ma wadatar da cikin gida ba. Abin da ke da damar tsallaka teku shi ne wake, gyaɗa, waken suya, busasshen barkono, ridi da zoɓo. Ridin Najeriya kuwa ya fi tafiya China, Japan da Turkiyya, zoɓo kuma Mexico, kuma 'yan kasuwar Dawanau sun daɗe da sanin waɗannan hanyoyin.

Na biyu, kuma mafi girma, shi ne ƙa'idojin lafiyar abinci. A Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an samu ragowar maganin ƙwari, irin wanda aka fi sani da fiya-fiya, fiye da ƙima. Iyakar da Turai ta amince da ita ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo, amma an samu wanda ya ninka hakan sau ɗaruruwa. An ce dakatarwar ta shekara ɗaya ce, sai aka yi ta tsawaita ta. A ranar da Birtaniya ta fice, ba ta yar da waɗannan dokoki ba, ta kwashe su ne ta mayar da su nata. Ita ma gyaɗa tana fuskantar matsalar gubar fumfuna da ake kira aflatoksin, wadda ke kama ta idan ba ta bushe sosai ba ko aka ajiye ta a wuri mai laima. Ridi kuma ana tsananta bincikensa saboda ƙwayar cutar salmonela.

Duk waɗannan matsaloli a ƙauye suke farawa. Manomin da ba shi da rumbun zamani, kuma yake tsoron ƙwari su cinye masa wake kafin farashi ya tashi, shi ne ke zuba magani a buhu. Wanda ba shi da wurin shanya mai tsabta shi ne ke baza amfanin gona a gefen kwalta, ƙura da dabbobi su bi ta kai. Ba wanda zai zarge shi, domin kasuwar da ya sani ba ta biyan ko sisi a kan tsabta. Mudun wake mai magani da marar magani kuɗinsu ɗaya ne a kasuwar ƙauye. Abin takaicin shi ne waken da Turawa suka ƙi karɓa shi ake dafawa a gidajen Kano.

Birtaniya na komawa kusa da Turai

Masu fatan cewa Birtaniya za ta sassauta ƙa'idojinta domin jawo sabbin abokan ciniki sai su sake lissafi. Hukumar da ke sa ido kan kasafin kuɗin ƙasar ta ƙiyasta cewa ficewar za ta rage ƙarfin tattalin arzikin da kimanin kashi 4 cikin 100 a tsawon lokaci, ciniki da ƙasashen waje kuma ya ragu da kusan kashi 15. Har yanzu Tarayyar Turai ce babbar abokiyar cinikinta. Shi ya sa a taron da aka yi a Landan ranar 19 ga Mayu, 2025, gwamnatin Keir Starmer ta amince a tattauna yarjejeniyar da za ta daidaita dokokin abinci, tsirrai da dabbobi na Birtaniya da na Turai. Ma'anar wannan ga Najeriya ita ce abin da Brussels ta ƙi, da wuya Landan ta karɓa.

Ga kuma gasa. Birtaniya ta ƙulla yarjejeniya da Ostireliya da New Zealand, ta shiga ƙawancen cinikayya na ƙasashen tekun Pasifik a Disambar 2024, sannan ta sa hannu da Indiya a Yulin 2025. Indiya na cikin manyan masu fitar da ridi, gyaɗa da barkono a duniya, kuma tana da masana'antun tacewa da ɗakunan gwaji da masu saye suka saba da su. Rangwamen haraji ba ya zama fifiko idan maƙwabcinka a rumfar kasuwa ma an ba shi, kuma kayansa sun fi naka tsabta.

Tallafin da a da ake dogaro da shi wajen cike irin wannan giɓi ma yana ja da baya. A 2020 aka narkar da ma'aikatar raya ƙasashe ta DFID cikin ma'aikatar harkokin waje. A 2021 aka rage kuɗin tallafi daga kashi 0.7 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5, kuma a Fabrairun 2025 aka sanar da za a mayar da shi 0.3 nan da 2027, domin ƙara kuɗin tsaro. Kano na cikin jihohin da suka fi cin gajiyar shirye-shiryen Birtaniya a ilimi, lafiya da noma, irin su Propcom Mai-ƙarfi. Wanda ya jira taimako daga can ya gyara masa rumbu zai daɗe yana jira.

Aikin da ya rage a gida

Abin da ake buƙata ba sabon abu ba ne, kuma ba a Landan yake ba. Akwai buhunan ajiya masu leda biyu a ciki da ke kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba, an daɗe da gwada su a Arewacin Najeriya. Akwai Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA ta samar domin rage gubar fumfuna a masara da gyaɗa. Akwai tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka ƙaddamar a Janairun 2023 domin a riƙa kammala takardun fitar da kaya a Kano, maimakon sai an yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Legas. Abin da ya yi ƙaranci shi ne abin da zai haɗa su: malaman gona da za su isa ƙauyukan Doguwa, wuraren shanya da tacewa a kusa da gonaki, ɗakin gwaji da masu saye a waje suka amince da sakamakonsa, da ƙungiyoyin manoma da za su iya cika kwantena da kaya iri ɗaya, a kuma san gonar da kowane buhu ya fito. Sai mai saye ya biya ƙarin kuɗi a kan tsabta kafin manomi ya sauya yadda yake ajiya.

Yankin ba ya rasa manya a Abuja. Mazaɓar Tudun Wada da Doguwa ta fitar da Alhassan Ado Doguwa, wanda ya riƙe muƙamin shugaban masu rinjaye na Majalisar Wakilai daga 2019 zuwa 2023. Mazaɓar Kiru da Bebeji ta fitar da Abdulmumin Jibrin Kofa, wanda ya taɓa shugabantar kwamitin kasafin kuɗi. Matasan da ke cika dandalin sada zumunta da muhawara kan sauya sheƙa da rikicin jam'iyyu suna da tambayoyin da suka fi waɗannan amfani ga iyayensu manoma. Nawa aka ware wa rumbunan ajiya da wuraren shanya a kasafin jiha da na tarayya? Me hukumomin NAFDAC da ta killace tsirrai da ta bunƙasa fitar da kayayyaki suka yi, shekara goma bayan dakatar da wake? Wa ke wakiltar manoma idan Najeriya da Birtaniya suka zauna bitar yarjejeniyar 2024?

Akwai kuma darasin da ya fi kusa da gida. A ranar 29 ga Janairu, 2025, Nijar, Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Birtaniya, da duk arzikinta, ta gano cewa kasuwar nesa ba ta maye gurbin ta maƙwabci, har ta koma teburin sulhu bayan shekara biyar da fita. Hatsin Tudun Wada ya fi saurin isa Maraɗi da Damagaram a kan Liverpool, kuma rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin Nijar a 2023 ya taɓa aljihun 'yan kasuwar Kano fiye da duk abin da aka yanke a majalisar Birtaniya.

Ƙofar da Birtaniya ta buɗe tana nan, kuma ba laifi a nemi shiga. Amma sharaɗin shigarta shi ne wake marar guba da gyaɗa marar fumfuna, wato abin da ya kamata mai cefane a kasuwar Rimi ya samu tun kafin a yi zancen Bature. Ranar da manomin Kiru ya iya sayar da irin wannan buhu a kan farashin da ya fi na sauran, ranar ce za a ce yarjejeniyar ta iso Kudancin Kano.