A hau keke a ga inda kuza ta ƙare

Ƴan'uwa, a nan Damargu ba mu ɗauki keke abin yawo ba. Keke na zuwa kasuwa ne, ko kai yaro likita, ko ɗauko jarkar ruwa. In ka ce ma mutum za ka yi kwana biyar bisa keke don ka ga ƙasa kawai, sai ya dube ka ya ce: "Malam, aikin yi ne ba ka da shi?" Ni kuwa ina ganin akwai yawo guda da ya kamata samarinmu su yi, tun ba waɗanda hankalinsu ya tafi wajen zinariya ba. Shi ne su zagaya ƙasar da aka yi haƙa a cikinta aka gama, su ga yadda take bayan masu kuɗi sun naɗe kayansu sun tafi.

Ga dalilina. Tun shekarar 2014 da aka ga zinariya a Jado da Cibarkatan, gari nawa ne tsakanin Tanut da Belbeji da ba ya da yaro a can? Wasu sun komo da kuɗi, sun sayi moto, sun yi aure. Wannan gaskiya ne, ba ni musu. Wasu sun komo da tari, wasu ko labarinsu ba a ji ba. A 2017 gwamnati ta rufe Jado, mutane suka watse. Kafin zinariya kuma Arlit ce. Kamfanin Kominak ya fara fitar da iraniyom a Akokan a 1978, ya rufe ranar 31 ga watan Maris na 2021. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ƴan kwangila, ban da mai tuwo da mai shayi da mai wanki da ke ci a bayansu. To, duk yaron da ya tashi zuwa haƙa, farkonta yake gani: hayaniya, fitilu, kuɗi na yawo hannu da hannu. Ƙarshenta ba mai nuna mishi.

Inda ƙarshen haƙa ya fi fitowa fili a ƙasashen da Hausawa ke zaune, shi ne ƙasar Jos, cikin Najeriya. Kuza ake haƙa a can. Kuza ita ce ake narkawa a sami farin ƙarfen da ake shafa ma gwangwani don kada ya yi tsatsa. Tun kafin Turawa, mutanen Liruwe sun iya narka ta suna kaiwa kasuwa. Turawan Ingila suka bi sawun wannan kuza, suka kama haƙa a farkon shekarun 1900. Har layin dogo suka ja daga Zariya zuwa Jos, ya isa a 1914, don a kwashe ta. Hausawa suka yi ta zuwa lebaranci, suka kafa unguwanni a Bukur da Barikin Ladi da sauran bariki-bariki. Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1944, aka riƙa ɗibar mutane tilas daga garuruwan Arewa ana kai su ramin kuza. Shi ne ake kira "ɗiban gwamna". Da yawa sanyi da yunwa suka kashe su, don ƙasar tudu ce, ta fi mita 1,200 bisa teku, mutanen kuwa ba bargo. A 1943 an fitar da kuza fiye da tan 17,000. Daga nan abin ya riƙa raguwa, har 1985 da kuɗinta ya faɗi a kasuwar duniya, manyan kamfanoni suka durƙushe.

Na yi cin rani a Bukur ina saurayi, kuma bisa keken aro na san wannan ƙasa. Abin da ido ke fara gani tafkuna ne. Ba tafkin Allah ba, ramukan kuza ne ruwa ya cika su, sun yi ɗaruruwa. Ruwan kwance, wani kore, wani shuɗi, gwanin kyau. Amma bakinsu a tsaye yake kamar bango, zurfin kuwa ba a magana. Yara na faɗawa, shanu na faɗawa. Gefen kowane tafki ga tulin ƙasar da aka fiddo, ja da fara, wadda ko ciyawa da ƙyar take kama ta. Nan da can ka ga wani ƙaton injin haƙa ya yi tsatsa a tsaye, ko gidan Bature da rufi ya zube.

In ka ƙara gaba kaɗan, sai ka ga wani abu dabam. Mutane sun kafa injin ban-ruwa a bakin tafkin, suna noman rani: dankalin Turawa, kabeji, karas, tumatir. Ramin da ya cinye gonar kakan, shi ne ke shayar da gonar jikan. Sa'an nan ga mata da yara cikin kwari suna wanke yashi da kwano, suna tsintar ƴar kuzar da kamfani ya bari, a kai ma mai sikeli da marece. Abubuwan nan uku, wato ramin da ke kisa, da lambun da ke ciyarwa, da kwanon tsinta, duk cikin tafiyar awa guda za ka gan su.

Don me sai keke? Mota kwalta take bi, ramukan kuwa ba bisa kwalta suke ba. Mai mota ya wuce kamar iska, abin da ya gani ƙura ce da bayan kan na gabansa. Moto na shiga ko'ina, amma tana shan mai, kuma ƙararta ba ta barin ka ji sallamar mutane. Ƙafa ta yi jinkiri. Keke shi ne tsaka-tsaki. Daga Jos zuwa Bukur kilomita 15 ne ko kusa da haka, mai keke ya yi shi kafin rana ta yi zafi. Kuma mutum bisa keke ba ya ba kowa tsoro. Ka tsaya, ka jingine shi ga icce, ka yi sallama, tsoho ya matsa maka bisa tabarma. A nan ne karatun yake. Tsohon da ya yi lebaranci, ko ɗansa, shi zai gaya maka nawa ake biya a mako, wa ya tara, wa ya tashi hannu banza, da abin da ya sami garin ranar da aka kashe injin. Gani ya kori ji, amma gani tare da ji ya fi.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce yawon keke na annasara ne, waɗanda suka ƙoshi. I, su ma suna yi. A arewacin Faransa sun yi ta haƙar gawayin ƙasa shekara da shekaru, ramin ƙarshe na yankin ya rufe a 1990. Ba su share wurin ba. Tsofaffin hanyoyin jirgin gawayi suka gyara suka zama hanyar keke, yara ƴan lakwal na bi suna ganin inda kakanninsu suka sha wuya. A 2012 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin kayan tarihin duniya. To, in wanda ya ƙoshi ya ga amfanin tunawa, ina ga mu da har yanzu ƴaƴanmu ke shiga rami?

Wasu kuma za su ce kuɗi. Wannan magana ce mai nauyi, ba ni raina ta. Ba na ce mutum ya bar gonarsa ya tafi Jos don yawo kawai ba. Amma mutanenmu nawa ke gangarawa Najeriya cin rani kowace shekara bayan an ɗaure gero? Wanda ya riga ya kai Kano ko Jos, kwana biyu da keken haya ba za su karya shi ba. Kuma ba sai an tuƙa tun daga Tanut ba. A ɗora keken bisa mota, a sauke shi inda hanya ta yi daɗi.

Maganar da ta fi duka nauyi ita ce ta tsaro. Tun rikicin 2001 ƙasar Jos ta sha tashin hankali, kuma ƙauyukan wajen Barikin Ladi da Riyom sun ga kashe-kashe ba sau ɗaya ba. Kada wani ya ce malamin yaƙi da jahilci ya aike shi cikin wuta. A tambayi mutanen gari kafin a fita. A tafi da ɗan ƙasa wanda ya san hanya kuma aka san shi. A fita da safe, a komo kafin la'asar sakaliya. In an ce yau ba a bin wurin kaza, a haƙura. Takardar shaida kuwa ta zauna cikin aljihu.

Wanda bai iya zuwa nesa, ya fara daga gida. Ƙasarmu ba ta da sauƙi ga keke, kowa ya sani: rairayi na riƙe taya, ƙaya na huda ta. Saboda haka lokacin ɗari ya fi, kuma a riƙe famfo da kayan faci da ruwa isasshe. A tambayi tsofaffin maƙera inda kakanninsu ke samo tama kafin ƙarfen mota ya zo ya kashe wannan sana'a, in wurin na kusa a je a gani. A bi kwaltar Damagaram har Bakin Birji, a dubi matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011. Ita tana aiki, ba ta mutu ba. Amma man Agadem da take tacewa, shi ma daga rami yake fitowa, kamar kuza, kamar iraniyom ɗin Akokan. Mai keke ya tsaya daga nesa ya tambayi kansa: ranar da wutar can ta mutu, mi za a bar ma mutanen Olelewa?

Ku da kuka koyi rubutu a wannan aji, in kun tafi ku riƙe kaye da alƙalami. Ku rubuta sunan garin, da abin da ake haƙa, da shekarar da aka daina in tsofaffi sun tuna, da abin da mutanen ke ci yanzu. In kun komo, mu karanta shi a allo tare da waɗanda ke shirin tafiya arewa bana.