Alƙalamin Da Ke Ruɗa Ido

A wannan mako za mu ɗan huta da maganar siyasa, mu leƙa wata sana'ar hannu da ta yi ƙarfi a Amurka da Ingila, watau ƙera alƙalamin katako mai zanen da ke ruɗa ido. Mutum zai riƙe shi, ya ga kamar an saƙa zare a jikinsa, ko an jera ƙananan akwatuna masu tudu da kwari. In ya shafa sai ya ji sumul. Ba fenti ba ne, ba kuma zane aka yi da hannu ba. Itatuwa ne masu launi dabam-dabam aka yanka, aka manne da gam, sa'an nan aka fiƙe a kan injin nan mai juya katako, irin wanda kafintocinmu ke fitar da ƙafafun gado da shi.

Ana farawa da guntun katako mai kusurwa huɗu, tsawonsa kamar inci 5, kaurinsa bai cika inci ɗaya ba. Sauran kayan, watau bututun tagulla da baki da maƙali da sandar tawada, a shago ake sayensu a haɗe. Mafi yaɗuwa shi ne siririn nan da ake huda wa rami na milimita 7.

Zanen da ya fi ba ni sha'awa shi ne wanda suke kira ƙullin Seltik, wanda in Bahaushe ya gani zai tuna da dagin da ake yi wa riga. Mai aikin zai yanka katakon a karkace da zarto, ya cusa siririn falle na wani itace mai launi dabam a gurbin yankan, ya manne. In gam ya bushe, ya juya bayan katakon ya sāke, daga nan ya bi sauran ɓangarori biyun. A wannan lokaci ba abin da za ka gani sai miƙaƙƙun layuka sun gitta juna, babu kyan gani ko kaɗan. Amma da zarar injin ya cinye kusurwoyin, katakon ya zama mulmulalle, sai layukan nan su lanƙwashe su sarƙe da juna. Dalili kuwa duk wanda ya taɓa saran rake ya san shi: in ka sare shi a karkace, bakin saran yakan fito da siffar ƙwai, alhali kuwa addar miƙaƙƙiya ce.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Dole kaurin fallen ya zo daidai da abin da zarto ya ci. In ya fi, ko ya gaza, ko da rabin milimita ne, yanka na biyu zai gusar da na farko, ƙullin ya ƙi haɗuwa. Kuma ba za a gane ba sai an gama fiƙewa, bayan an ɓata kwanaki ana jiran gam. Hakanan in ramin bututun ya kauce daga tsakiya, gefe ɗaya zai fi ɗaya girma. Katakon da ke saura a jikin bututu a ƙarshe bai fi kaurin kwali ba a wasu wurare, saboda haka kuskuren hannu ɗaya ya isa ya tarwatsa aikin gaba ɗaya.

Zanen akwatuna kuwa tsohon abu ne ƙwarai. Yana nan a daɓen wani gida a Fomfei ta ƙasar Italiya, garin da dutse mai aman wuta ya binne a shekarar 79 miladiyya. Ana yanka itace iri uku, fari da matsakaici da baƙi, a kan digiri 60, a haɗa su. Ido ya saba ganin haske a saman abu, inuwa a gefensa, sai ya yanke hukunci cewa ƙwayoyin sukari ne aka jera. In ka daɗe kana kallo, tudun ya koma kwari. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Louis Necker, ya yi rubutu a kan irin wannan juyawar da ido ke yi tun 1832. Masu sana'a a garin Tunbridge Wells na Ingila sun yi suna da wannan zane a ƙarni na 19, mutanen Hakone ta Japan kuma har yanzu suna irin wannan haɗe-haɗen itace.

Wani zai ce wannan ai aikin marasa aikin yi ne, tunda tawadar ciki ta kamfani ce, rubutunsa bai fi na biro ba. Gaskiya ne. Amma duk da haka akan sayi guda ɗaya da kuɗin biro ɗari ko fiye, kuma abin da ake biya shi ne daidaiton aikin.

Abin da ya sa na kawo zancen shi ne, wasu daga cikin itatuwa masu launin da suke taƙama da su daga Afirka suke fitowa. Jan nan da ake kira padauk daga dazuzzukan Kamaru da Gabon yake, ɗan'uwan madobiyarmu ne. Ita kuwa madobiya, wadda masu sara a Jihar Taraba suka laƙaba wa suna Madrid, an yi ta lodinta gungume-gungume zuwa ƙasar Sin, har a 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Mun sayar da daji a ɗanye, alhali wasu na cin abinci da guntun da bai kai tsawon tafin hannu ba.

Injin juya katako muna da shi a kasuwannin katako, guntaye kuma ga su nan ana kwasa ana hura wuta. Abin da kafintanmu zai nema shi ne zarto mai yanka daidai, da ma'auni mai nuna milimita, da wanda zai shigo masa da bututun da bakin. Sai kuma abin rufe hanci, domin ƙurar waɗannan itatuwa tana cutar da ƙirji.