Zancen Gida: Tuwon Dare Na Kwana Bakwai

'Yan'uwa manoma da makiyaya na Karakara, rumbu ba ya ƙara da kansa. Hatsin da muka zuba da kaka, shi za mu ci har sabo ya nuna.

Mai gida, kada ka auna hatsi kai kaɗai. Daren jajibirin kasuwa, ka tara iyali. A fara jin ta bakin uwargida, ita ta san abin da ya rage na kuka, daddawa da gishirin Foga. Amarya ta faɗi kwanakin girkinta. Tsohuwa maras haƙora, a tambaye ta. Yara kuwa kullum shinkafa za su ce, a ba su dare ɗaya.

Wanda ya shiga yaƙi da jahilci ya ɗauki alkalami. In tiya 2 ake dakawa kullum, kwana 7 tiya 14 ke nan. A sa wake dare biyu, rogo dare ɗaya, hatsi ya huta. In akwai kuɗin kifin Gaya, a rubuta ranarsa.

A bar tiya ɗaya saboda baƙo. Hatsin iri kuwa, ba ya shiga wannan lissahi ko kaɗan.