Kwamfutar Da Ta Ƙi Tashi Ba Lalle Ta Mutu Ba

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da nake so mu yi tunani a kanta. Da zarar an danna tsohuwar kwamfutar tebur ta ƙi tashi, sai ka ji an ce ta mutu. Daga nan sai sito, daga sito sai hannun 'yan gwangwan. Alhali kuwa tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta duka ta kwamfuta. Kowace na'ura da aka jefa sito, wasu ɗalibai ne aka rage wa lokacin koyo. Ni a ganina bai kamata a yanke wa kwamfuta hukunci ba sai an bincike ta, kuma mu ɗalibai ya kamata a koya wa binciken, malami yana tsaye.

Ai abin ba tsafi ba ne, bin hanyar wuta ne kurum daga bango har ciki. A fara gwada soket da wata na'ura. Sa'an nan a sake wayar wuta, domin fulogi mai ƙafa uku yana da fis a cikinsa, kuma fis yakan ƙone. A duba makunnin da ke bayan akwati, ko wani ya kashe shi wajen shara.

To, ga inda nake so a natsu. Tsofaffin kwamfutoci da yawa suna da wani ɗan jan maɓalli a baya, an rubuta 115 da 230. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu ta Nijeriya 230. Idan aka kawo na'ura daga can maɓallin yana kan 115, aka jona ta haka nan, sai ka ji tas, hayaƙi ya tashi. Amma ko a nan ma sau da yawa akwatin raba wuta ne kaɗai ya ƙone, sauran kayan lafiya lau. Kusoshi huɗu ke riƙe da shi, a kwance a sa wani.

Yaya za a gane shi ne ya lalace? A kashe wuta, a zare babban fuloginsa mai baki 20 ko 24 daga allon ciki, a haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan guntun ƙarfe, sa'an nan a kunna. In fankarsa ta ƙi juyawa, an kama ɓarawo. In ta juya, sai a duba makunnin gaba, wanda shi ma yakan gaji don yawan dannawa. Akan taɓa 'yan ƙarafuna biyun da wayarsa ke shiga da bakin sukundireba, in na'ura ta tashi, laifin makunni ne.

Wani lokaci fanka tana juyawa amma fuskar kwamfuta duhu. Ƙurar hunturu ce takan jawo wannan. A zare katin ƙwaƙwalwa, wato ram, a goge bakinsa a mayar. A sake ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3. A kuma duba kafasito, waɗannan masu kama da ƙananan ganguna. Na'urorin da aka ƙera tsakanin 1999 da 2007 sun yi ƙaurin suna wajen kumburinsu, kuma wannan aikin mai gyara ne.

Wani zai ce ai tsohon kaya ne, gara a sayi sabo. To, ina kuɗin? Mai koyon buga rubutu da amsa tambayoyin gwaji ba ya bukatar sabuwar na'ura, da tsohuwar zuma ake magani. Wani kuma zai ce yara za su ji rauni. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, don haka doka ɗaya ba ta da sassauci: kada kowa ya buɗe akwatin raba wuta, domin yana riƙe wuta ko bayan an zare shi daga bango.

Roƙona ga shugaban makarantarmu shi ne a buɗe mana siton nan ranar Asabar, a ba kowane rukuni na mutum huɗu kwamfuta ɗaya da sukundireba, a kuma ajiye littafin da za mu riƙa rubuta cutar kowacce da abin da aka sake mata.