FILIN DIREBOBI: Makullin Sitiyari, Mai Gadin Da Kan Juya Wa Ubangidansa

Duk direban da ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kafanchan, ta ratsa Kagoro da Manchok, ta haura duwatsun Ganawuri zuwa Jos, ya san hanya ce mai hawa da gangara da yawan kwana. A irin wannan hanya, bayan ikon Allah, ran direba da na fasinjansa a kan sitiyari yake. Saboda haka a wannan mako filin zai duba wani ɗan ƙarfe da ba a cika kula da shi ba sai ran da ya ƙi, watau makullin sitiyari.

Aikinsa tsaron ɓarawo ne. Da zarar an zare makulli, sai wata 'yar sakata ta faɗa cikin wani gurbi a jikin sandar sitiyari ta riƙe ta. Motocin Peugeot 404 da 504, waɗanda masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta daɗe tana harhaɗawa, suna da irin wannan sakata, haka kuma yawancin motocin da suka biyo bayansu.

To, idan makulli ya ƙi juyawa, abin farko shi ne kada a gwada masa ƙarfi. Sau da yawa babu abin da ya lalace. An dai ajiye motar ne a gangara, ko tayar gaba ta tokare da dutse, nauyi ya danne sakatar. Sai direba ya riƙa girgiza sitiyari hagu da dama da hannu ɗaya, yana murɗa makulli a hankali da ɗaya hannun. Nan da nan za ta saki.

In ta ƙi, sai a gwada ɗaya makullin da ke ajiye a gida. Idan shi ya buɗe, ashe haƙoran na kullum ne suka cinye, sai a yanko sabo. Idan dukansu sun ƙi, watakila ƙurar hunturu ce ta cika ramin. A nan ne wasu ke ɗura baƙin mai, alhali shi ke tara ƙura ta daskare. Garin bakin fensir da aka kankare ya fi dacewa. Motocin zamani masu tashi da maɓalli kuwa lantarki ke janye sakatarsu, don haka batir ake fara dubawa.

Amma idan ana jin sitiyari yana ɗan cijewa ko yana ƙas-ƙas alhali mota na tafiya, magana ta wuce dabara. A tsaya nan take a nemi bakanike. Shi kuma ya cire kan batir tukuna, ya fitar da notunan da ke riƙe da makullin, waɗanda da gangan aka yi su ba kai, ya sa sabo ɗungurum. Kada mai mota ya yarda a yi masa aikin guduma a bar sakata rabi a karye, garin gyaran gira a rasa ido.

Babban gargaɗi kuwa ga masu kashe inji ne a gangara wai don tsimin mai. Da inji ya mutu, bayan taku biyu ko uku birki kan yi tauri. In kuwa aka zare makulli, ko kuma ramin ya riga ya cinye ya sake shi, sakata za ta faɗa a kwana ta farko, mota ta miƙe inda ta ga dama. Man da aka yi tsimi bai kai kwalba guda ba, ran da aka saka a haɗari kuwa ba a sayensa a kasuwa.

Allah Ya kai kowa gida lafiya, amin.