Waiwaye: Kwandon Ciniki da Ba Ya Mantuwa

A shekarar 1994 wani matashin injiniya na kamfanin Netscape a Amurka, Lou Montulli, ya ci karo da matsalar da kowane ɗan kasuwa zai gane: shafin intanet ba ya riƙe fuskar mai saye. Ka zaɓi kaya a shafin farko, ka wuce na biyu, shago ya manta da kai sarai, kwandonka ya koma wayam. Maganin da ya kawo shi ne kuki, ɗan guntun rubutu da bai wuce kimanin kilobait 4 ba, wanda shago ke ajiyewa a burawzar mai saye, ita kuma ta riƙa nuna shi duk sa'ad da ta dawo.

Dabara ta yi, amma wasu shagunan farko sun yi ganganci. Suka riƙa damƙa wa burawza komai, har da farashi. Abin da ke hannun mai saye kuwa yana iya sauya shi, sai ga kayan dubu an biya ɗari. Da aka sha wuya aka koma ga seshan: kuki ya ɗauki lamba kawai, doguwa mai wuyar cinka, lissafin kaya da kuɗi ya zauna a sabar shago.

Ɗan kasuwar albasa na Sabon Gida bai buƙatar dogon bayani a nan. Buhun albasar da za a loda zuwa Akara ko Abijan alamar mai shi kawai ake rubutawa a jikinsa. Yawan buhuna da kuɗinsu suna cikin littafin dillali. Kuki shi ne alamar, seshan shi ne littafin.

Na tono wannan tarihi ne saboda matasanmu na Madawa, Buza da Keita masu koyon gina shafuka, waɗanda ke burin sayar da albasar Galmi ta waya. Darasin da kuke kwafowa an rubuta shi ne don ƙasashen da rezo bai yankewa. Mu nan mutum na tsaka da zaɓe sai layi ya ɗauke, bai dawo ba sai bayan la'asar. In seshan ya mutu cikin ƴan mintuna, ya tarar da kwando fanko, to ya tafi ke nan. A bar kwandon ya kwana biyu yana jiransa. Sai dai albasa ba atamfa ba ce: farashinta lokacin cira daban, lokacin da ta yi ƙaranci daban, kuma tana ruɓewa. Don haka a sake lissafa kuɗi daga saba a daidai lokacin biya, kuma kada a tsare buhu saboda kawai wani ya jefa shi kwando.

Sai batun sata, wanda ya fi damuna. A 2010 manhajar Firesheep ta nuna wa duniya yadda ake sace kuki a kan Wi-Fi na jama'a, a shiga asusun mutum ba tare da kalmar sirri ba. A garuruwanmu kuma waya guda takan zaga hannun wa da ƙane da abokin ciniki. Ku sa HTTPS a kowane shafi, ku kunna Secure da HttpOnly a kan kuki, ku sauya lambar seshan da zarar mutum ya shiga asusunsa. Maɓallin fita kuma ku sa shi inda ido zai gani, da Hausa, don kada ƙane ya yi odar buhu goma da sunan wansa.