Filin Sana'o'i: Maratayin Kyamara A Hannun Baduku

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ran hawan salla a Kano ya ga yadda masu ɗaukar hoto ke kutsawa tsakanin dawaki da 'yan kallo, kowa da kyamararsa tana lilo a ƙirji. Jarin mutum ke nan gaba ɗaya, watakila tarin shekara da shekaru, yana rataye da 'yar igiyar da faɗinta bai wuce yatsa biyu ba. Mai hoto yakan goge gilashin kyamararsa safe da yamma, amma da wuya ya juya maratayin ya duba ɗinkinsa, sai fa ran da ya tsinke.

Kyamarori da yawa gwanjonsu ake saye, maratayin da suka zo da shi kuwa ya riga ya ruɓe ko ya ɓace. Daga nan sai a nufi kasuwa a sayi na roba mai rahusa, a manta araha ba ta ado. Alhali kuwa ga dukawa nan a Kasuwar Kurmi da sauran garuruwa, waɗanda kakanninsu suka ɗinka linzami da majayi da kuben takobi, abubuwan da ran mahayi ke dogara a kansu. Mutum ma da kansa, in yana da basilla da haƙuri, yana iya gama aikin a yini guda.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne nauyin da za a ɗora. Pentax K1000, wadda ta fito a 1976, ta haura rabin kilo tun ba a ɗaura mata gilashi ba. Manyan kyamarori na yau, in aka haɗa su da dogon gilashi, sukan kai kilo biyu. Su kuwa irin Rolleiflex da Yashica masu ido biyu, waɗanda ake leƙawa ta sama, da maratayin ake tsayar da su, watau mai hoto ya danna kyamarar ƙasa har igiyar ta miƙe sa'an nan ya ɗauka. Igiyar da ke saki ba ta da amfani a nan.

To, a wajen zaɓen fata ne akan yi kuskure na farko. Fatar jar akuya ta Sakkwato ta yi suna tun zamanin da fatake ke haye Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko domin ta can take isa gare su. Kyanta da laushinta ba su da na biyu, shi ya sa ake yin bangon littattafai masu tsada da ita. Amma laushin nan shi ne illarta a wannan aiki, gama tana miƙewa in ta daɗe da nauyi. Ƙarfin maratayi daga ƙirgi yake zuwa, watau jemammiyar fatar sa. A yanko shi daga gadon baya, a bi tsawon dabbar, kada a ɗauko daga wajen ciki inda fata ke da sako-sako. Fatar akuya sai ta zama riga a kansa, a yi mata zane da ado yadda ake so.

Tsawon inci 40 zuwa 45 ya ishi matsakaicin mutum, amma gara a gwada da igiya tukuna, a ga kyamarar ta sauka tsakanin ƙirji da cibiya. Wurin da ke kan wuya ya kai faɗin inci ɗaya da rabi don kada ya yi yanka, sa'an nan a riƙa tsuke shi har bakunansa biyu su koma kamar rabin inci ko ƙasa da haka, gwargwadon 'yan kunnuwan ƙarfe da ke gefen kyamarar.

A bakunan nan biyu maganar take. Ba safai ake jin maratayi ya tsinke a tsakiya ba, a mahaɗa yake cin amanar mai shi. A zura bakin fatar cikin zobe irin na saƙala mabuɗai, a naɗo shi baya kamar inci ɗaya da rabi, a huda da basilla, a ɗinke da zare mai ƙarfi wanda aka goga wa kakin zuma. Ɗinkin ya zama na allura biyu, kowace na shiga ramin da 'yar'uwarta ta fito, domin in zare ɗaya ya yanke ɗayan na riƙe da shi har a lura. Har ila yau, layin ɗinkin ya bi tsawon fatar. Wanda ya jera ramuka a gicciye ya yi wa fatarsa abin da ake yi wa takardar kan sarki, ya nuna mata inda za ta yage. Gam kaɗai kuwa ba ya riƙo, ko da mai sayarwa ya rantse. A ƙarƙashin zoben a sa ɗan falle na fata mai laushi, don kada ƙarfe ya kankare jikin kyamarar.

Akwai kuma maganar gumi, wadda ba a tunawa da ita sai an yi asarar riga. Jan rinin da dukawa ke samu daga karan dafi yakan zuba in ya jiƙe, mai hoton da ya wuni a wurin biki da farar riga kuwa ya san abin da wannan ke nufi. Saboda haka gefen da ke taɓa wuya a yi masa shafi da fatar da ba a rina ba, ko da ƙyallen saƙi mai kauri. Zoben ma kada ya zama baƙin ƙarfe. Fatar da aka jeme da bagaruwa, in ta haɗu da ƙarfe da danshi, baƙi take yi, ta wannan hanya ce ma dukawa ke samun baƙin rininsu daga kashin maƙera. A nemi na tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa.

In an gama, kada a yi gaggawar ɗaura kyamara. A rataye maratayin a ƙusa, a ɗaura masa jarkar ruwa mai lita 5, watau kilo 5 ke nan, a bar shi ya kwana. Da safe a duba mahaɗar: in ramukan ɗinki sun buɗe, ko zoben ya wage baki, a warware a sake.

Da hunturu fata kan bushe ta tsattsage, sai a shafa mata man kaɗanya kaɗan, a goge sarai. Da damina kuwa fumfuna take kamawa, ita fumfunar in ta shiga cikin gilashin kyamara tana iya cin fuskarsa har gyara ya gagara. Don haka in za a ajiye kyamara ta daɗe a jaka, a kwance maratayin a rataye shi dabam inda iska ke kaɗawa.